Tausar daidaita ƙirar jiki da ciwon kai: abin da ake da'awa da abin da gwaji ya nuna

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba wani nau'in magani na hannu da ya samo asali daga Amurka, wanda masu yin sa ke cewa yana kawar da ciwon kai ta hanyar gyara tsayuwar jiki. Mun bambanta ire-iren ciwon kai guda uku, mun bayyana hanyar da jijiyoyin wuya ke haɗuwa da na kai, sa'an nan mun auna da'awar da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi daga 1998 zuwa 2017. Abin da ya fito shi ne, aikin hannu yana rage ciwon kai na matsi da wanda ke tasowa daga wuya, musamman in an haɗa shi da motsa jiki. Amfaninsa ga ciwon ɓarin kai bai tabbata ba. Bayanin da ake bayarwa na sake ƙera jiki kuwa ba ya da hujja mai ƙarfi.

0. Gabatarwa

A 2022 Lars Jacob Stovner da abokan aikinsa na jami'ar Trondheim ta ƙasar Norwe sun tattara rahotanni fiye da 350 daga sassan duniya. Sun ƙiyasta cewa a cikin shekara guda kashi 52 cikin 100 na mutanen duniya suna yin ciwon kai. Kashi 26 ciwon kai na matsi ne, kashi 14 ciwon ɓarin kai, sa'an nan kashi 4,6 suna wuni da ciwon kwana 15 ko fiye a kowane wata. Waɗannan na ƙarshe su ne ƙwayoyin sha suka fi gajiyarwa, su ne kuma suka fi neman wata hanya ta dabam. A Turai da Amurka, ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce zuwa wurin masu aiki da hannu a kan tsoka da gaɓoɓi.

Tambayar da muke so mu amsa tana da rassa biyu. Na farko, shin aikin hannu yana rage ciwon kai, kuma wane iri? Na biyu, in yana ragewa, shin dalilin da masu yin sa ke bayarwa shi ne dalili na gaskiya? Ya kamata a riƙe rassan nan biyu a rarrabe, domin magani yana iya yin aiki alhali bayanin da aka rataya masa kuskure ne. Za mu fara da kalmomi (§1), mu bi da ire-iren ciwon (§2), asalin tausar (§3), hanyoyin jijiya (§4), gwaje-gwaje (§5) da iyakoki (§6).

1. Kalmomin aiki

1.1. Ciwon kai. Hausa tana da suna ɗaya na gaba ɗaya, amma aikatau da ke biye da shi suna rarrabewa. Wanda ya ce « kaina yana sara » da wanda ya ce « kaina ya yi nauyi, kamar an ɗaure shi » ba abu guda suke bayyanawa ba, kuma za a ga a §2 cewa rabon likitoci ya bi kusan wannan layi. Za mu kira na farko ciwon ɓarin kai, sunan da jama'a suka riga suka sani. Ginin sunan ya yi daidai da na Faransanci migraine, wanda ya fito daga kalmar Girkanci hemikrania, wato « rabin ƙoƙon kai », da likita Galen (Jalinus a littattafan Larabci) ya yi amfani da ita a ƙarni na 2. Na biyu za mu kira shi ciwon kai na matsi.

1.2. Tarkon kalmar tansiyon. Littattafan likitanci na Faransanci suna kiran na biyun céphalée de tension. A Nijar kuwa, a bakin jama'a, tansiyon hawan jini yake nufi. Mai tafinta da ya ce wa majinyaci « ciwon kan tansiyon ne » ya ba shi labarin wata cuta dabam. Matsin da ake magana a nan shi ne yadda ciwon ke jin kansa, kamar rawanin da aka naɗa da ƙarfi. Hawan jini mai matsakaicin ƙarfi, a galibi, ba ya sa ciwon kai. Ma'aunin da aka amince da shi shi ne sai ya kai 18 a sama ko 12 a ƙasa, a lissafin da aka saba da shi a gidajen likitarmu.

1.3. Jijiya, tsoka, tantani. Kalmar jijiya tana ɗauke da abubuwa uku da likita ke rabawa: hanyar jini, hanyar saƙon ji, da igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi. A nan, in muka ce jijiya kawai, hanyar saƙon ji muke nufi. Tantani kuwa shi ne farin mayafin nan mai ƙarfi da ke lulluɓe kowace tsoka, wanda duk mahauci ya san shi. Shi ne fascia a Faransanci.

1.4. Tausa. Tausar da aka sani a gida ana yin ta ne don gajiya ko tsamin jiki, a wurin da ke ciwo. Wadda muke magana a kanta tana da buri mafi girma, wato ta sauya yadda sassan jiki ke zaune a kan juna. Don haka muka sa mata suna tausar daidaita ƙira.

2. Ire-iren ciwon kai guda uku

Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar da kundin rabe-rabenta na farko a 1988, na biyu a 2004, na uku a 2018. Ga abin da ya shafe mu a ciki.

2.1. Ciwon kai na matsi. Yana ɗaukar minti 30 zuwa kwana 7. Yana kama ɓangarori biyu na kai, yana matsewa ba tare da bugawa ba, ƙarfinsa kaɗan ne ko matsakaici, kuma tafiya ko hawan bene ba ya ƙara shi. Babu amai. In ya kai kwana 15 a wata har fiye da wata 3, ana kiran sa mai naci. Tarihin sunansa yana da darasi. A 1962 wani kwamitin likitoci a Amurka ya kira shi ciwon kai na ƙanƙancewar tsoka, domin an ɗauka dalilinsa ya tabbata. Kundin 1988 ya janye wannan suna, ya sa wanda ke bayyana kamannin ciwon kawai, don binciken da aka yi a tsakani bai goyi bayan tsohon zaton ba.

2.2. Ciwon ɓarin kai. Yana ɗaukar awa 4 zuwa 72. Yakan kama gefe ɗaya, yana sara tare da bugun jini, yana da ƙarfi, motsi yana ƙara shi. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske da ƙara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi suna ganin walƙiya ko zane-zane a ido na minti 5 zuwa 60 kafin ciwon. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku. Sunan bai kamata ya ruɗe mu ba, domin a wurin mutane da yawa, musamman yara, yana kama gefe biyu. Asalinsa a ƙwaƙwalwa yake, kuma gado yana da hannu a ciki.

2.3. Ciwon kai daga wuya. Wannan ya fi sauran ƙaranci. Tushensa wata matsala ce a gaɓoɓin saman wuya ko naman da ke kewaye da su. Yakan faro daga ƙeya ya gangaro goshi ta gefe ɗaya, juya wuya ko danna shi yana tayar da ciwon, kuma wuyan ba ya juyawa yadda ya kamata.

Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu daga cikin ukun. Wannan ne ya sa maganar « tausa tana maganin ciwon kai » ba ta da ma'ana sai an faɗi wanne.

3. Asalin tausar daidaita ƙira

3.1. Still. Andrew Taylor Still (1828-1917), likita ne na karkarar Amurka. A 1874 ya fito da tsarin da ake kira ostiyofati, ya buɗe makarantarsa a Kirksville ta jihar Missouri a 1892. A cikin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara 10 ya sassauto igiyar lilo kusa da ƙasa, ya shimfiɗa bargo a kanta, ya ɗora ƙeyarsa ya yi barci, ya farka ciwon kansa ya tafi. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma wurin da ya ambata, wato ƙarƙashin ƙoƙon kai, shi ne har yau masu aikin hannu suka fi dannawa.

3.2. Rolf. Ida Rolf (1896-1979) ta sami digirin dakta a fannin kimiyyar sinadaran halitta a jami'ar Columbia a 1920. Ita ce ta tsara abin da aka sani da Rolfing, kuma makarantar da ke ɗauke da sunanta ta kafu a 1971, mazauninta Boulder ta jihar Colorado. Tunaninta shi ne jiki kamar tubala ne da aka jera: kai, kafaɗu, ƙirji, ƙugu, ƙafafu. In kunne, kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu suna kan layi ɗaya, nauyi yana sauka ƙasa ba wahala. In tubali ɗaya ya goce, tsoka ce ke biyan bashin, tantani kuma ya gajarce ya ƙafe a kan karkatar. Mai tausa yana amfani da yatsu, dunƙule da gwiwar hannu, a hankali amma da nauyi, don ya sake tantanin. Aikin zama 10 ne: uku na farko don saman jiki, huɗu na tsakiya don zurfinsa, uku na ƙarshe don haɗawa. Kai da wuya sai a zama na 7 ake fuskantar su sosai. Ke nan mai ciwon kai yana iya ganin an shafe awa guda a kan tafin ƙafarsa, kuma a wurin mabiya Rolf wannan shi ne daidai, domin a ganinsu karkatar wuya daga ƙasa take farawa.

3.3. Travell da Simons. Janet Travell, wadda ta zama likitar shugaba Kennedy, tare da David Simons, sun wallafa babban littafinsu a 1983. Sun bayyana wasu ƙulle-ƙulle masu tsami a cikin tsoka, waɗanda in an danna su ake jin ciwo a wani wuri mai nisa. A taswirarsu, tsokar saman kafaɗa tana aika ciwo bayan kunne da gefen goshi. Tsokar da ke gangarowa daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji tana aikawa goshi da kewayen ido. Masu tausa da yawa a yau suna haɗa wannan taswira da tunanin Rolf. Masu suka, irin su Quintner da abokansa a 2015, sun nuna cewa ƙwararru biyu da suka taɓa mutum ɗaya sau da yawa ba su dacewa a kan inda ƙullin yake.

4. Ta ina hannu ke isa ga ciwon kai?

4.1. Mahaɗar jijiyoyi. Wannan shi ne sashen da ya fi tabbata. Saƙon ji na fuska, goshi, ido da mayafin ƙwaƙwalwa yana bin jijiya ta 5 ta kai, mai rassa uku. Na ƙeya da saman wuya yana bin jijiyoyi uku na farko na laka. Hanyoyin biyu suna ƙarewa a kan ƙwayoyin jijiya guda, a inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka. Kerr ya nuna wannan a 1961. Tun da tasha ɗaya ce ke karɓar saƙo daga hanya biyu, ƙwaƙwalwa tana iya kuskure inda ya fito, ta ji ciwon wuya a goshi, kamar yadda ake jin ciwon zuciya a hannun hagu.

A 2002 da 2003, Bartsch da Goadsby sun nuna a kan ɓeraye, a Landan, cewa hanyar tana aiki gaba da baya: tsokanar jijiyar ƙeya tana ƙara saurin amsa saƙon mayafin ƙwaƙwalwa, tsokanar mayafin kuma tana ƙara saurin amsa saƙon wuya. Wannan yana da muhimmanci ga ciwon ɓarin kai. Mafi yawan masu shi suna kukan wuya, wani lokaci awoyi kafin kan ya fara sara, sai su ɗauka wuyan ne ya jawo. Sau da yawa ciwon wuyan alama ce ta farko ta abin da ya riga ya faro a ƙwaƙwalwa.

4.2. Tsamin tsoka. Masu bincike na Kopenhagen, wato Olesen, Jensen da Bendtsen, sun auna abin da yatsa ke samu. Tsokokin kai, muƙamuƙi da wuya na masu ciwon matsi sun fi na sauran mutane tsami in an danna, tsamin yana ƙaruwa da yawan kwanakin ciwo, kuma yana nan ko a ranar da kan ke lafiya. Amma da aka auna ƙanƙancewar tsokar da na'urar lantarki, bambancin kaɗan ne. Allurar botulin, wadda ke kashe ƙarfin tsoka, ba ta yi wa ciwon matsi magani ba a gwaje-gwaje. Bayanin da Bendtsen ya gabatar a 2000 shi ne: saƙon tsami da ya daɗe yana shigowa daga tsoka yana sa mahaɗar da muka ambata ta zama mai saurin fushi, har abin da bai isa ciwo ba ta mayar da shi ciwo. Bisa wannan, a farkon cutar tsoka ce ke da babban rabo, in ta yi naci kuwa rabon ya koma ga laka da ƙwaƙwalwa.

4.3. Shin hannu yana miƙe tantani? Nan ne da'awar Rolf ta gamu da cikas. A 2008 Chaudhry da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert Schleip wanda shi kansa malamin Rolfing ne, sun lissafa ƙarfin da ake bukata don a sauya siffar tantani mai kauri, irin na cinya da na tafin ƙafa, da kashi 1 cikin 100 kawai. Ƙarfin ya wuce abin da hannun mutum ke iya bayarwa nesa ba kusa ba. Tantani mai laushi ne kaɗai ya amsa. Tun 2003 Schleip ya ba da shawarar a sauya bayanin: tantani cike yake da bakunan jijiyoyi, kuma sakin da mai tausa ke ji a ƙarƙashin hannunsa amsa ce ta jijiya, wadda ke sassauta tsoka ta kuma rage jin ciwo.

Maganar tsayuwa ma haka take. Gaskiya ne kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka, kuma nauyin ya ɗan rinjaya gaba, don haka tsokokin ƙeya kullum a bakin aiki suke. Gaskiya ne kuma wasu bincike, irin na Fernández-de-las-Peñas a Sifen a 2006, sun sami turo kai gaba ya fi yawa ga masu ciwon matsi mai naci. Sai dai haɗuwar abu biyu ba ta nuna wanda ya haifi wani, domin mai ciwo ma yakan sunkuya.

5. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

5.1. Wahalar awo. Ciwon kai yana hawa yana sauka, kuma mutum yakan nemi magani a lokacin da ya fi tsanani. Ko ba a yi masa kome ba, sati mai zuwa zai fi sauƙi. Ga kuma tasirin sa rai da na kulawa. Don haka gwaji na ƙwarai yana raba majinyata ta ƙuri'a, a yi wa wani rukuni maganin gaske, wani kuma na kwaikwayo. Ƙwayar kwaikwayo tana da sauƙin yi, tausar kwaikwayo kuwa tana da wuya, domin mai yin ta ya san abin da yake yi, kuma taɓawa kowace iri tana da nata tasiri.

5.2. Ciwon matsi.

(a) Bove da Nilsson, Danmak, 1998, mutum 75. An tausa tsokar kowa. An ƙara wa rabi murɗa wuya da sauri, irin mai ba da ƙara, ɗaya rabin kuma hasken na'ura na kwaikwayo. Duka sun sami sauƙi, babu bambanci. Murɗawar ba ta ƙara kome ba.

(b) Castien da abokansa, Holan, 2011, mutum 82 masu ciwo mai naci. Rabi sun sami motsa gaɓoɓin wuya da gadon baya a hankali, tare da atisayen tsokar wuya da gyaran zama. Rabi sun ci gaba da kulawar likitansu. Bayan sati 8 kwanakin ciwo sun ragu sosai a rukunin farko, bambancin ya kai har sati 26 ko da yake ya ragu. Rauninsa shi ne babu rukunin kwaikwayo.

(c) Moraska da abokansa, Amurka, 2015, mutum 56. Zama 12 cikin sati 6, ko dai tausar ƙulle-ƙullen Travell, ko na'urar da aka kashe ba su sani ba, ko jira kawai. Tausa da na'urar duka sun rage yawan ciwon, ba bambanci tsakaninsu. Tausar kaɗai ce ta rage tsamin tsoka in an danna.

5.3. Ciwo daga wuya. Jull da abokanta, Ostiraliya, 2002, mutum 200, sati 6. Aikin hannu da atisayen ƙananan tsokokin gaban wuya, kowanne ya rage yawan ciwon da ƙarfinsa, kuma sauƙin ya ɗore wata 12. Abin lura shi ne atisaye, wanda majinyaci ke yi da kansa, ya yi aiki kwatankwacin hannun gwani.

5.4. Ciwon ɓari. Lawler da Cameron, Niyu Zilan, 2006, mutum 47: tausa sau ɗaya a sati ta rage yawan ciwon ta kuma gyara barci, in an kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba. Amma Chaibi da abokansa, Norwe, 2017, mutum 104, sun shirya murɗawar kwaikwayo mai kyau, kwanakin ciwo suka ragu a dukan rukunoni uku, suka kammala da cewa tasirin ya fi kama da na sa rai.

5.5. Rolfing kansa. Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen sama da ya gwada zama 10 na Rolf. A 2015 gwamnatin Ostiraliya ta wallafa rahoton bin diddigin hanyoyin magani 17, Rolfing a ciki, rahoton bai sami bayyananniyar hujjar amfaninsa ba. Ke nan wanda ya jingina tallar Rolfing a kan sakamakon Castien ko Jull ya ari rigar da ba tasa ba.

6. Iyakoki da haɗari

6.1. Ciwon kan da ba a tausa. Duk abin da ya gabata ya shafi ciwon kai wanda shi kansa ne cutar. Akwai wanda alama ce ta wata cuta, kuma a nan jinkiri yana kisa. Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau da Lapeyssonnie ya zana a 1963. Annobar 1996-1997 ta kama mutum fiye da 250 000 a yankin, ta kashe kimanin 25 000. Rigakafin da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'i ɗaya, amma wani nau'in ya ta da annoba a Nijar a 2015. Alamar sanƙarau ita ce ciwon kai da sandarewar wuya, wato daidai abin da zai sa mai tausayi ya miƙa hannu ya fara tausa. In akwai masassara tare da su, gidan likita za a nufa nan take. Haka ma ciwon kai da masassara a lokacin damina, don cizon sauro. Ciwon da ya faɗo kwatsam ya kai maƙura cikin minti guda. Wanda ya zo da mutuwar gefen jiki, karkacewar baki ko ruɗewa. Wanda ya biyo bayan buguwa. Sabon ciwo ga wanda ya wuce shekara 50. Da ciwon kai mai tsanani ga mai juna biyu, don tsoron jijjiga.

6.2. Murɗa wuya. Tausa a hankali, abin da ta fi jawowa shi ne tsamin kwana ɗaya ko biyu. Murɗawa da sauri dabam take. An sami alaƙa tsakaninta da tsagewar bangon jijiyar jini ta wuya, wadda ke iya kawo shanyewar jiki. Abin ba ya da yawa, kuma ana muhawara a kan ko murɗawar ce sanadi ko tsagewar ce ta fara kai mutum wurin mai murɗa, amma a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta nemi a riƙa sanar da majinyaci kafin a yi. Da yake gwajin 1998 bai nuna ribar murɗawa ga ciwon matsi ba, babu dalilin ɗaukar kasadar.

6.3. Ciwon kai na yawan shan magani. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 a wata, ko tiramadol da gauraye-gaurayen ƙwayoyi kwana 10 a wata, har fiye da wata 3, maganin da kansa yana iya zama mai riƙe ciwon. A inda ake sayen ƙwaya a tebur ba takarda, wannan tambaya ce ta farko. Tausa ba za ta warware shi ba sai an rage ƙwayar bisa shawarar likita.

6.4. Magungunan da aka tabbatar. Ga ciwon matsi mai naci, amitiriftilin shi ne rigakafin da ya fi hujja. Ga ciwon ɓari akwai dangin tiriftan tun 1991, akwai furofiranolol don rigakafi, akwai kuma sababbin allurai tun 2018. Aikin hannu yana iya tafiya tare da su, bai kamata ya sa a jinkirta su ba.

7. Kammalawa

Ga reshe na farko na tambayarmu, amsa ita ce e, da sharaɗi. Aikin hannu yana taimakon ciwon da ke tasowa daga wuya da ciwon matsi mai tsamin tsoka, ya fi ɗorewa in an haɗa da atisaye, kuma wani kaso na ribar daga sa rai da kulawa yake. Ga ciwon ɓari, matsayinsa na ɗan rakiya ne. Ga reshe na biyu, abin da aka tabbatar yana nuna jijiya, ta mahaɗar wuya da kai. Sake ƙera tantani da jera tubala sun tsaya a matsayin kwatanci.

Mai son gwadawa yana da ma'auni mai sauƙi, wanda masu bincike ma suke amfani da shi: ya rubuta kwanakin ciwo da na shan ƙwaya na sati 4 kafin ya fara, ya ci gaba da rubutawa. In bayan sati 6 zuwa 8 kwanakin sun ragu da rabi, an ci riba. In ba su motsa ba, ƙarin zama ɓarnar kuɗi ce.

Daga ƙarshe, kalmomin da muka yi aiki da su (ciwon matsi, ciwon ɓari, tantani, daidaita ƙira) shawara ce. Muna fatan abokan aiki masu bincike a Gobir, Adar, Arewa da Damagaram za su gwada su a kunnen jama'a, musamman na §1.2, inda kuskuren tafinta ke iya sa mai ciwon matsi ya kama shan maganin hawan jini.